Na kai bindigogin gado gyara cikin tsohon gari, ga yadda aikin dattijon yake

In kana da tsohuwar bindigar farauta a gida wadda ka gada, mai takarda, kuma kana jin tsoron ba kowa ita don kada a ƙarasa maka ita, to akwai wani dattijo mai gyara cikin tsohon garin Sakkwato can ɓangaren maƙera da zan iya cewa ka kai mashi hankalinka kwance. Ba zan kama sunanshi ba, shi kanshi bai son talla, kuma halin da muke ciki yanzu ba kowa ya kamata a nuna ma ƙofar mai irin wagga sana'a ba. Amma tsofaffin maharba sun san shi, in kai na kirki ne ka tambayi Sarkin Bakan yankinku zai sa a raka ka. Aikinshi na da kyau ƙwarai, shina da jan rai, kuma ba duk abin da ka ce ya yi zai yi maka ba, wannan na ƙarshen ma shi ya sa na zauna rubuta wanga bayani.

Bindiga biyu na kai mashi. Ta farko Baikal ce mai baki ɗaya, samfurin IZh-18, lamba 12 (ma'aunin faɗin bakinta ke nan), wadda tsohonmu Allah shi jiƙanshi ya saya zamanin Shagari lokacin shina malamin gona. 'Yar Rasha ce, a garin Izhevsk ake ƙera su, tun 1964 sunka fara fitar da wanga samfuri, kuma a jikin tamu har gobe ana karanta Made in USSR duk da cewa Tarayyar Sobiyat ɗin ta watse tun 1991. Wanda bai taɓa riƙe ta ba, ba wata ƙyale-ƙyale gare ta ba ko alama. Akwai wani ɗan ƙarfe bayan kunama, in ka matse shi sai bututun ya karyo ƙasa, ka sa harsashi guda ka mayar ka rufe, shi kenan. Ba ta da guduma a waje, wato ɗan ƙarfen da ake ɗanawa da yatsa, sai wani ɗan tsinke da ke leƙowa ta sama ya nuna maka a ɗane take, ko cikin duhun asuba da yatsa kake gane shi. Nauyinta bai cika kilo 3 ba, shi ya sa ka wuni da ita a kafaɗa ba ka gaji ba, shi ya sa kuma in ta tashi kafaɗarka sai ta shaida, don bindiga mara nauyi dole ta yi shuri. Cikin bututun an shafe shi da wani farin ƙarfe mai sheƙi da ke hana tsatsa, wannan na cikin dalilin da ya sa irinsu ke kai shekara arba'in da ɗoriya a ƙasarmu ta zafi da ƙura ba su mutu ba.

Ta biyun adaka ce ta kakanmu, irin wadda ake ɗura ma albarushi ta baki, ƙirar maƙeran gida, an naɗe ƙotarta da jar fatar akuya har da layu biyu da anka ɗinke a jiki waɗanda ba wanda ya taɓa kwance su.

Ni dai Baikal ɗin nan ita ce ƙuruciyata. Da an gama kaka an ɗaure gero an kai rumbu, sanyi ya fara shigowa, to ranar Asabar tun kafin kiran assalatu za ka ji tsoho shina harhaɗa ta a zaure, don gida uku take rabuwa, bututu daban, katakon gaba daban, ƙota da uwar bindigar, wato ƙarfen da kunama ke jiki, daban, sai ka ji ƙas ƙas ya haɗe. Mu bi hanyar Kware ko mu yi Wurno, fadamar gulbin Rima lokacin ruwa na kwance wuri-wuri, kirinjijiya na tashi garke-garke da wannan fito nasu, dinya na can tsakiyar ruwa inda ba a iske ta da sauƙi, makwarwa kuma cikin karan gonaki tana kuka da hantsi. Zabin daji sai an shiga ciki sosai. Tsoho bai fita da harsashi da yawa, 'yan ƙwarori ne cikin aljihun riga, kuma tunda baki ɗaya ce ba ka da harbi na biyu, in ka kuskure tsuntsu ya tafi, don haka sai ka ga mutum ya yi rarrafe cikin laka da ƙaya mai tsawo kafin ya ɗaga ta. Ya yi bisimilla ya harba, ni kuma aikina gudu da wuƙa in yanka wadda ta faɗo da sauran rai. Da damina ko kusa bai fita, ya ce lokacin ƙwai da 'yan tsaki ne, wanda ya harbi uwa ya kashe goma. Tsofaffin wajen sun sha faɗa muna cewa mu ba mu ga komai ba, wai kafin a datse gulbi a Bakolori a 1978 sannan a zo a yi na Goronyo, ambaliya na cika fadama fiye da haka nesa ba kusa ba, tsuntsun ruwa har ya rufe rana. Yau kuwa ba ruwan ne kawai ya ja baya ba, dajin kanshi ya fi ƙarfinmu, wa zai ɗauki bindigar tsuntsu ya doshi Gundumi ko dajin Tangaza? Allah dai shi kawo muna sauƙi.

To abin da ya same ta, shekaru ne da kuma hannun wani mai gyara da anka taɓa kai ma ita bayan rasuwar tsoho, wanda walle bai ji tausayinta ba. Bututun ya koma shina girgiɗi awa haƙorin tsoho, wani lokaci ka ja kunama ka ji ƙyas harsashi bai tashi ba, ga kuma tsagewa ta fito a wuyan ƙota daidai inda ake riƙewa. Shi wancan abin da ya yi, ya sa guduma ya daddaki ƙarfen wajen mahaɗa don ya matse, sannan ya tuttula mata baƙin mai na mota har cikin katako. Ta yi tsam na ɗan lokaci sannan ta koma ta fi da lalacewa.

Da munka isa wajen dattijon, na gaishe shi na fara kwance jaka, sai ya ɗaga min hannu.

"Dakata Alhaji, ina takardarta?"

Na ce Baba ga ta nan. Ya sa tabarau ya karanta sunan da ke jiki, ya nemi katin shaidata, sannan ya ce in fiddo uwar bindigar ya gwada lambar da ke jikin ƙarfe da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya gamsu sannan ya ce a shimfiɗa min tabarma. Wani zai ji haushin haka, ni daɗi na ji har cikin raina. Dokar makamai ta 1959 ai a fili take, bindigar farauta irin wagga lasisinta daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, adaka da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, manyan makaman yaƙi kuwa ba na farar hula ba ne, kuma shi kanshi mai gyaran sai da izini. Ga nashi nan ya sa a gilashi ya rataye ya yi ja don tsufa. Sannan ku sani takardar uba ba ta rufe ɗa, in ka gaji bindiga sai an mayar da ita sunanka, tamu tun da daɗewa anka yi haka. A 2023 ma shugaban 'yan sanda na ƙasa ya faɗa a fili cewa sun dakatar da ba da sabon lasisi, don haka wanda ke da tsohuwa mai takarda ya riƙe ta da kyau. Ina nan zaune wani saurayi ya zo da abu ƙunshe cikin buhu, ko buɗewa bai bari ya yi ba, ya ce mashi ya tafi da abinshi.

Yadda ya duba ta kawai ya isa ka gane ka zo wajen wanda ya sani. Bai taɓa guduma ba, bai taɓa magagari ba. Ya cire katakon gaba, ya riƙe ta ta ƙota ya girgiza a hankali kusa da kunnenshi shina saurare. Ya fita bakin ƙofa ya ɗaga ta saitin rana ya nuna min wani siririn haske da ke ratsawa tsakanin gindin bututu da fuskar uwar, ya ce nan bai kamata ko gashi ya shiga ba, in ana harbi a haka wata rana hayaƙi da wuta a fuskarka za su fito. Sannan ya zare bututun ya leƙa ta ciki shina juya shi sannu-sannu, ya ce zobban hasken da ake gani ciki in sun tafi daidai ba su karkace ba to ba lotsawa ba kumburi. Ya daɗe shina leƙe, sai ya yi murmushi.

"Wanda yar riƙe wagga bindiga mai tsabta na. Cikinta ko ƙwarzane babu. Allah shi jiƙan mahaihinka."

Walle sai da idona ya kawo ruwa, don na tuna tsoho bai taɓa cin abinci bayan dawowa daga daji ba sai ya zura tsumma a bututun nan ya goge.

Gyaran ƙarfen ya yi shi yadda ya kamata. Ƙusar da bututun ke juyawa a kanta ce ta cinye, ya fidda ta ya sa wata da ta ɗara ta kauri kaɗan, sannan ya zauna aikin haƙuri, ya kunna 'yar fitilar aci-balbal ya kanga gindin bututun bisa hayaƙi har ya yi baƙi, ya rufe bindigar ya buɗe, inda baƙin ya goge nan ne ƙarfe ke taɓa ƙarfe, ya ɗan shafa da dutse ya sake kangawa, haka haka har baƙin ya goge ko'ina daidai. Allurar da ke bugun gindin harsashi ta dakushe, sifirin ɗinta kuma ya saki, waɗannan ya ciro su ne daga gawar wata Baikal da ke cikin akwatinshi, don sababbin kayan gyara ba a samunsu. Wuraren da wancan ya daddaka ya lallaɓa ya daidaita iya abin da zai yiwu, ya kuma faɗa min gaskiya cewa tabon ba zai ɓace duka ba sai in an ci ƙarfe da yawa, shi kuma ba zai ci ba. Walda kuwa ya ce ko an biya shi ba ya kai wuta kusa da bututu ko uwar bindiga.

Inda munka ɗan ja da shi shi ne ƙota. Ni so na yi a goge ta da samfefa a shafa mata fenti mai ƙyalli ta fito sabuwa fil, don na ga ana yi. Ya ajiye abin da ke hannunshi ya jawo ƙotar ya ce in matso. Ya nuna min gefen hagu inda katakon ya yi baƙi ya yi santsi, ya ce nan kuncin tsohonka ne. Ya nuna min wuyan ƙota inda zanen da kamfani ya yi ya shafe har ya ɗan yi kwari daidai babban yatsa, ya ce nan hannunshi ne, ya sa na riƙe, sai ga yatsana ya zauna cikin gurbin cif. Akwai wani dogon ƙwarzane a ƙasa da na san ranar da anka yi shi, ranar da tsoho ya zame a gangaren gulbi ya ɗaga bindigar sama ya bar gwiwarshi ta sha dutse.

"Alhaji, in kana son sabuwar ƙota sai in sassaƙa maka wata, wagga ka kai gida ka aje. Amma ni ba ni sa samfefa bisa hannun mamaci."

Ban sake cewa komai ba. Abin da ya yi, ya kwance ƙotar ya yi ta shanya ta a rana shina goge baƙin man da ke tsattsafowa, ya ce man nan shi ya jiƙa katakon ya yi laushi har ya tsage, kuma gam ba ya kama katako mai mai. Wannan kaɗai ya ci makonni. Da ta bushe ya buɗa tsagewar kaɗan ya ɗura gam, ya sa siririn tsinken tagulla ta ciki inda ido bai gani, ya naɗe da robar tayar keke ya bar ta ta kwana biyu. Yanzu sai ka kawo ido kusa za ka ga layin. Duk sauran tabban suna nan yadda mai ita ya bar su, kuma ina ganin ko nawa na biya a nan kuɗɗina sunka fita.

Adakar kakanmu ko minti biyar bai yi da ita ba ya yanke hukunci. Ya zura sandar ɗuri ya auna daga ciki ya auna daga waje don ya tabbata ba tsohon ɗuri kwance a ciki, ya ce ya sha ganin adakar da ta shekara talatin rataye da albarushinta a ciki mutanen gida ba su sani ba. Tamu ba komai ciki sai gidan zanzaro, ya kakkaɓo ƙasa busassa ta zubo. Sannan ya ƙwanƙwasa gindin bututun ya ce tsatsa ta cinye shi ta ciki, don toka da albarushi ke bari na jan laima, kuma irin waɗannan da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota maƙera ke yinsu, ba wanda ya gwada ƙarfinsu awa yadda ake gwada na kamfani. Na ce Baba ko sau ɗaya ne da Sallah, a ji ƙararta. Ya ɗaga hannunshi na hagu ya tanƙwashe yatsu biyu ya ce ya san mutum nawa da hannunsu ya koma haka saboda sau ɗaya. Ya wanke ta, ya kashe tsatsar waje, ya toshe ramin wuta yadda ko yaro ya ɗauka ba abin da zai faru, fatar da ta ɓalle ya aika wajen wani baduku anka ɗinke da jar fata irin ta asali ba a taɓa layun ba. Bai karɓi ko sisi bisa wannan ba, ya ce kuɗin baduku kawai zan biya. Ya ƙara da gargaɗin da nake so kowa ya ji, kada wanda ya kuskura ya farke harsashin zamani ya juye garin cikinshi a adaka, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, fashewa take yi.

Yanzu abin da bai yi min daɗi ba, don kada a ce yabo kawai na zo yi. Na farko jinkiri. In ya ce maka mako mai zuwa ka sa a ranka wata ne, wani jinkirin na aikin ne awa shanyar ƙotar nan, wani kuwa nashi ne, yau ya tafi jana'iza gobe suna jibi ido na ciwo. Waya na hannun jikanshi kuma ba kullum ake ɗauka ba, sai dai ka taka da ƙafarka. Na biyu ba ya ba da rasit, sunanka da lambar bindiga kawai yake rubutawa da ajami cikin wani tsohon littafi, to a wanga zamani barin bindiga mai lasisi a hannun wani ba wata shaida a aljihunka abu ne mai tada hankali, ni sai da na roƙa jikan ya rubuta min a takarda Baba ya sa hannu, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka. Shagon ƙanƙane ne ga zafi, watan Afrilu da rana ta take ba a iya zama ciki. Kuɗin aiki ma ba ya faɗa tun farko, sai an gama, wannan bai dace ba ko da yake abin da ya ce in bayar bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, ni na ƙara mashi da kaina. Abin da ya fi damuna kuma ba laifinshi ba ne, ba yaro ko ɗaya da ke koyo a gabanshi. 'Ya'yanshi sun kama walda da ƙirar ƙofofi, ya ce bai hana su ba, don yau in anka ce ɗanka na gyaran bindiga ba wanda zai tsaya ya tambaya ta tsuntsu ce ko ta me.

Na gwada Baikal ɗin a gonar wani amini can bayan gari bayan mun sanar da wanda ya kamata, na kafa kwali na harba. Ta rufe tsam ba motsi, ta tashi a bugun farko, darma ta watsu daidai tsakiya, kwanson ya fito ba gardama, shurin nan nata kuma shina nan yadda na san shi tun ina saurayi.

Kafin in baro shi ya ba ni ƙa'idoji da ya ce in riƙe. Harsashi ka duba abin da anka rubuta a bututu, tamu mai cin harsashi mai tsawon milimita 70 ce, kada a cusa mata dogon nan mai milimita 76 ko da ya shiga. Man keken ɗinki ɗigo kaɗan ya isa ƙarfe, kada ya taɓa katako, in za a jingine ta a juya bakin ƙasa don man kada ya gangara cikin ƙota. A toshe bakin da tsumma saboda zanzaro amma a tuna a cire, kuma duk ranar da za a fita a leƙa bututun tukuna. Kada a bar ta cikin jakar fata da damina, fata na riƙe laima, kada kuma a jingine ta jikin bangon ƙasa saboda gara. Harsashi a kulle shi wuri daban da bindiga inda yara ba su kai.

In za ka je, ka je da hantsi kafin azahar, ban da Juma'a. Ka raba ta gida uku ka sa a jaka, ba harsashi ko ɗaya tare da kai, takardarka ta asali na aljihun gaba saboda shingen hanya. In tana ƙin tashi ne ka tafi mashi da tsohon kwanson da ta taɓa harbawa, daga gurbin da allura ta bari a gindinshi yake gane ciwon tun kafin ya kwance komai.